Gwaggo, Wadda Ta Sassaƙa Sarƙar Amarya

Gwaggo ta rasu ranar Talata da hantsi a ɗakinta na Bungudu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina Gusau kaina a kan keken ɗinki matar Yaya ta kira ni, kafin in sami mota in iso har an yi mata sutura. Fuskarta kawai aka buɗe mini, aka rufe, maza suka ɗauka.

Kwana uku muna zaman makoki ina kallon masu shigowa, don ni idona ba ya zama wuri ɗaya ko a gidan mutuwa. Maƙwabciyar da katanga ɗaya ta raba su, wadda ta yi shekara da shekaru tana kai ƙarar Gwaggo wajen mai unguwa a kan wari, ita ta fi kowa kuka. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakin tana share hanci da gefen mayafi. "Yau da sahe na kasa kunne ban ji ƙarar magagari ba," in ji ta. "To da wa zan yi hwaɗa yanzu?"

Mahautan kwata suka zo a ayari suka zauna a zaure wajen Baba. Babbansu ya ce tun ranar Talata ƙahoni na nan a tare inda aka saba tara mata, an rasa mai ƙarfin halin zubarwa. Wani tsohon wanzami ya daki zabirarsa ya ce duk ƙahon da ke ciki daga hannunta ya fito. Akwai kuma wadda na ji da kunnena a bayan rumbu tana raɗa wa 'yar uwarta, "Allah ya jiƙanta, amma dai unguwa za ta sha iska." Da wane baki zan tanka mata?

Ranar uku wasu hajiyoyi huɗu masu kawo ɗinki shagona na Tudun Wada suka zo yi mini gaisuwa, ƙamshin turarensu ya riga su shiga gida. Bayan an yi addu'a an shafa, ɗayarsu ta ce, "Allah sarki. Marigayiyar wace sana'a take yi?" A daidai lokacin biyu daga cikinsu aikin hannun Gwaggo ne ke lilo a kunnuwansu. Na buɗe baki na ce, "'Yan ƙananan sana'o'i dai irin na tsofaffi."

Ko ƙasar kabarinta ba ta bushe ba na sake yi mata ƙarya. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Shekara goma sha biyu ina sayar da 'yan kunne da sarƙoƙi da awarwaron da Gwaggo ta sassaƙa daga ƙaho da ƙashin dabbobin kwata, ina ce wa matan Gusau kayan Dubai ne. Babu sunanta a jikin ko ɗan kunne guda. In na yi shiru yanzu, ƙaryata ce za ta zama tarihinta.

Gwaggo yayar Baba ce, ciki ɗaya. Gidanmu na Tsafe gidan fawa ne kaka da kakanni. Kakanmu in ya dawo daga kasuwa yakan zauna ya gyara wa wanzamai ƙaho, ya yi ƙotar wuƙa. 'Ya'yansa maza suka gaji wuƙar, ita kuwa ta gaji abin da wuƙar ta bari. Aure ya kai ta Bungudu, ta haifi ɗa ɗaya, shi ne Yaya. Ni kuma ana yaye ni Baba ya ba ta riƙona. A bayanta na yi wayo, a ɗakinta aka ɗaura mini aure.

Wanda bai san aikin ba yana ganin ɗan kunne yana sheƙi sai ya ɗauka haka ya faɗo. Ƙaho daga kwata yake zuwa da jininsa da gashinsa da danyen ƙashin da ke cikinsa. Gwaggo tana da rami a bayan rumbu, nan take binne su ta yayyafa ruwa ta rufe. Sai an yi makonni ta tone. A lokacin tsutsa ta gama nata aikin, da ta buga ƙahon a dutse sai cikin ya sulluɓo. Ranar buɗe rami, wallahi ko kajin gidan sai sun koma zaure. Daga nan ta tafasa da kanwa da toka, ta gasa a garwashi har ya yi laushi, ta danne da dutsen niƙa ya miƙe. Sai ƙaramin zarto, sai magagari, sai gogewa da rairayin gulbi, a ƙarshe ta mulke da man kaɗe. Baƙin ƙaho in ya sha mai yakan fito da wasu jijiyoyi ruwan zuma a cikinsa. Ƙashin ƙafar sa kuwa fari fat yake zama, in ta so ja ta kwantar da shi cikin lalle, in ta so shuɗi ta tsoma shi a baba.

Warin bai taɓa barin hannunta ba. Ta yi lalle, ta shafa turare, ta wanke da lemon tsami, yana nan. Faratanta sun yi baƙi sun tsattsage. A gidan biki ba a bari ta sa hannu a tuƙin tuwo ko kwasa, sai a ce, "Gwaggo ki huta, ke babba ce," a ba ta tabarma can gefe. Ta sani sarai. Takan yi dariya ta ce, "Kun ci naman kun lashe hannu, sannan ku toshe hanci don kun ga mazubinsa." In kuma wata ta matsa mata sai ta ce, "Abin da anka yanka da sunan Allah ba shi da wurin yarwa."

Ni ina ƙarama ban san akwai wani wari ba. A wurina haka uwa take. Da wannan hannun take ba ni loma, da shi take yi mini kitso, shi nake riƙewa in an tafi ɗibar rairayi a gulbi. Sai da na shiga aji uku a firamare wata yarinya ta tashi daga bencinmu ta ce wa malama ba za ta zauna kusa da ni ba, warin mushe nake. Ranar da na dawo gida na tsaya a zaure na shaƙa, na ji shi. Tun daga lokacin ban daina jin sa ba.

Abin dariya, ita ɗin da ake ƙyama ta fi kowa ƙyama. Wata rana wani makiyayi ya kawo mata ƙahoni biyu, dogaye, farare da baƙin baki, ban taɓa ganin masu kyansu ba. Ta jujjuya su idonta na ƙyalli, sannan ta ce, "Wa ya yanka ta?" Ya ce a daji ta faɗi, kafin a kawo wuƙa rai ya yi halinsa. Ta ajiye su a ƙasa, ta sa ƙafa ta tura masa. Ta wanke hannu har gwiwa, ranar ko abincin rana ba ta ci ba. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Ikon Allah, yau ke ce da tashin zuciya?" Gwaggo ta ce, "Naki hancin bai san bambanci ba, nawa ya sani."

Shekarun da mutanen ƙauyuka suka fara gudowa gari saboda rashin zaman lafiya, wasu iyalai suka sauka a wani kango kusa da gidan. Gwaggo ba ta da hatsin da za ta raba. Amma ta lura 'yan matan, ƙanana da manya, duk tsinken tsintsiya ne a kunnensu, an soka don kada hujin ya toshe. 'Yan kunnen an sayar a hanya, wasu an ƙwace. Ta ajiye duk aikin da ke gabanta ta yi mako biyu tana fere ƙananan 'yan kunne na ƙashi, kamar ƙwayar dawa, ta rina su da lalle. Ta tara yaran a tsakar gida tana zare tsinke tana sa musu ɗaya bayan ɗaya, tana ba su madubi. Wata ƙarama ta kalli kanta ta ƙi sakin madubin. Cikin iyayensu babu wadda ta tambayi da me aka yi.

Ni ce na kai aikinta Gusau. Bayan na buɗe shago, wata rana na sa 'yan kunnen da ta yi mini, baƙin ƙaho da ɗigon farin ƙashi a tsakiya. Wata matar babban ma'aikaci da ta zo gwajin riga ta kama kunnena ta ce, "Wannan fa? Ban taɓa ganin irinsa ba. Daga ina?" Na ga zoben zinarin da ke yatsunta, na tuna ramin bayan rumbu, na tuna yarinyar benci. Na ji bakina ya ce, "Dubai." Ko ɗar ban ji ba. Kafin wata ya ƙare mata biyar sun aiko suna so, kuma kowace da kalmar Dubai ta zo. Na sayo ƙananan akwatuna masu auduga a Sabon Gari, in kayan sun iso in jera su cikin turaren wuta su kwana biyu kafin in fitar. Gwaggo ta san ina sayarwa, tana murna. Abin da nake cewa a kansu ne ba ta sani ba, ko kuma na ɗauka ba ta sani ba.

Faɗanmu na farko a kan wata sarƙa ne. Na je Bungudu ɗaukar kaya ta ce in rufe ido, ta ɗora mini abu a tafin hannu. Gaɓoɓin wutsiyar sa ne, ta bar su yadda Allah ya halicce su da 'yan ƙusoshinsu da ramukansu, ta rina su shuɗi mai duhu, ta raba tsakaninsu da duwatsun baƙin ƙaho. Ban taɓa ganin abin wuya mai kyansa ba, har yau. Amma kallo ɗaya za ka yi ka san ƙashi ne. Tsikar jikina ta tashi, na so in yar, na kuma kasa ɗauke ido.

Na ce, "Gwaggo, ki goge waɗannan su yi sumul. Haka kowa zai gane."

"Ya gane mi?"

"Ya gane ƙashi ne."

"To mi ne ne in ba ƙashi ba?" Ta karɓe abinta. "In na goge shi har ya manta shi ƙashi ne, roba na yi miki ke nan. Roba ko tana nan kasuwa tuli. Ni so nike mace ta sa wanga ta san mi ta sa. Jikinta ya yi yar, sannan ta kasa cirewa."

"Ba za su saya ba."

"Kin tambaye su?"

Na ce ni na san matan Gusau, ita ba ta san su ba. Na faɗi haka da tsiwa, don ni bakina ba ya da linzami tun ina yarinya, ita ma takan ce da bakina aka fara halittata. Ta rataye sarƙar a ƙusa ta ba ni sauran kayan. Ba ta raka ni zaure ba ranar.

Wani hutu ɗiyata ta fari, wadda ke karatu a jami'a, ta bi ni Bungudu. Ta zauna kusa da Gwaggo tana nuna mata hotuna a waya, na masu yin kayan ado na zamani a ƙasashen waje. Wannan ta yi abin wuya da gashin mutum, wancan ya yi zobe da fiffiken ƙwaro, wata ta jera haƙoran mutane a sarƙa. Gwaggo ta kawar da kai ta tofar da yawu. "Tir. Haƙorin ɗan Adam? Waɗanga ba su da masu hwaɗa musu?" Muka yi ta dariya. Amma ta ce a mayar da hoton baya, ta ƙura masa ido, ta ce jerin dai ya yi kyau, mai shi ta san hannunta. Sannan ta sa baƙin farcenta a ƙasan hoton.

"Wanga rubutun fa?"

Ɗiyata ta ce, "Sunan wadda ta yi ne, Gwaggo. Da garinsu, da abin da ta yi shi da shi."

"Har abin da ta yi shi da shi?"

"Har shi. Shi ne ma abin da ake zuwa gani."

Gwaggo ta ce, "Ashe ana rubutawa." Ba ta kalle ni ba. Ni kuwa na tashi na ce bari in duba tukunya, alhali ba ni na ɗora ba.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye. Shekara uku da suka wuce wata hajiya mai hali za ta aurar da ɗiyarta, ta ce ba ta son zinari ranar yini, kowa zinari yake sawa, tana son abin da ba a taɓa gani ba. Gwaggo ta yi wata biyu a kan kayan. Sarƙa mai faɗi ta baƙin ƙaho, an dasa mata farin ƙashi kamar furen kabewa, da 'yan kunne, da awarwaro shida. Ranar da na je karɓa ta riƙe ƙullin ba ta saki ba. Ta ce, "Ɗiyata, ban taɓa roƙonki komi ba. Ina son in ga amarya da shi a wuya. Daga nesa ma ya isa." Na rasa yadda zan ƙi. Na ɗinka mata sabuwar atamfa, na ba ta turare, na ce ta sa safar hannu don sanyin na'urar ɗakin taron. Ta kalli safar ta ce ita ba jaririya ba ce.

Bayan azahar muka shiga. Na zaunar da ita a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa na tafi gyara wa amarya ɗauri. Da amarya ta fito wuri ya ɗauki guɗa, mata suka miƙe da wayoyi. Ina jin uwar amarya tana ce wa ƙawayenta, "Daga Dubai aka yo mana odarsa, guda ɗaya ne a duniya." Na waiga in ga ko Gwaggo ta ji, sai na ga kujerar babu kowa.

Tana gaban amarya. Furen tsakiyar sarƙar ne ya juya ya kwanta a bayansa, duk ɗakin babu wanda ya lura sai ita. Ta sa yatsu biyu ta juya shi, ta daidaita shi a ƙirjin yarinyar, ta ɗan ja baya tana kallo. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Amarya ta yi mata murmushi. Sai uwar amarya ta iso, idonta ya sauka a kan hannun Gwaggo, na ga hancinta ya motsa. Ta janye ɗiyarta, ta juyo gare ni.

"Wace ce wannan take taɓa mini yarinya?"

Gwaggo ma ta juyo tana kallona. Tana jira, da ɗan murmushinta.

Na ce, "Yi haƙuri Hajiya. Tsohuwar da ke yi mana shara ce a shago."

Matar da ta goya ni ke nan. Ta rusuna wa hajiyar kamar yadda mai shara za ta yi, ta koma kujerarta ta ƙarshe ta zauna har aka tashi. Da la'asar na kai ta tasha. Sai da ta sa ƙafa ɗaya a mota ta juyo ta ce, "Shara sana'a ce, ba ta da laihi. Amma ba ita nike yi ba." Ta zauna ta gyara mayafi, sannan ta leƙo ta taga. "Ki hwaɗa wa amarya kada ruwan zahi ya taɓa shi. Ƙaho lanƙwashewa yake."

Na tsaya a tashar har motar ta ɓace. Ko saƙon ban isar ba, don in na faɗa za a tambaye ni yadda aka yi kayan Dubai ya zama ƙaho.

Ba ta daina aiko da kaya ba. Direba yake kawowa a ƙulle cikin tsumma, kowane a goge sumul yadda nake so, babu wanda za ka kalla ka ce daga jikin dabba ya fito. Ni kuma na daina zuwa sai da salla, in gaishe ta a tsaitsaye cikin mutane in gudu. In Baba ya yi mini faɗa in ce hanya ba lafiya. Hanyar da 'yan kasuwa ke bi kullum safe da yamma, Gusau zuwa Bungudu, tafiyar da ba ta kai a gama cin rake guda ba. Kunya ce ta hana ni, kuma kunyar ba ta sa na fasa cewa Dubai ba.

A zaman makokin nan na gane ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Matar Yaya, wadda ta yi jinyarta, ta dafa ni tana kuka ta ce, "Ke kam kin gama mata komi. Har ta rasu tana labarin bikin Gusau. Ta ce kin zaunar da ita a gaba, kin nuna ta ga manyan mata kin ce ga uwata, ita ta yi." Na ce haka ta ce? Ta ce haka take gaya wa duk wanda ya shigo, har maƙwabciya ta gaji da ji. Na shiga bayan gida na toshe bakina da zane. Ni na tona mata asiri a gaban mutane, ita ta dawo gida ta rufa mini nawa.

To hajiyoyina na Gusau, ga gaskiya. Abin da ke kunnenku da wuyanku bai taɓa hawa jirgi ba. Daga kwatar Bungudu ya fito, ya kwanta a rami tsutsa ta ci rabonta, wata tsohuwa 'yar mahautan Tsafe ta tone shi da hannunta ta mayar da shi abin da kuke tsayawa gaban madubi dominsa. Wadda ta ji ƙyama ta cire, ba zan ga laifinta ba, na riga ta. Wadda ta bar shi a jikinta, ta yi wa mai shi addu'a. Gwaggona ce, ita ta raine ni.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi yi mini nauyi. Mako uku kafin rasuwarta matar Yaya ta kira ni ta ce ƙafafun Gwaggo sun kumbura, ba ta iya fita tsakar gida. Na rufe shago ranar Juma'a da safe na tafi, na ƙudura a raina yau sai na faɗa. Na same ta a kan tabarma ta jingina da bango, ta rame, hannuwan nan a kan cinya babu abin yi. Muka gaisa. Na tambayi jiki, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Da matar Yaya ta fita na matsa na durƙusa.

"Gwaggo, ki yafe mini."

"Mi kinka yi?"

"Ranar biki."

Ta juya ta kalli ƙofa. Sannan ta ce, "Na yahe miki tun mota ba ta bar tasha ba. Duniya da lahira. Tashi, kada ki ɓata zanenki."

Na fashe da kuka, na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Ta bar ni na yi mai isata. Da na lafa sai ta ɗaga murya ta kira matar Yaya. "Kawo mata ruwa, ta sha hanya." Ta ɗan tsaya. "A kofin baƙi."

Akwai wani kofin gilashi mai zanen fure a gidan, a saman kabad yake zama an kife shi an rufe da kyalle. Gwaggo ta saye shi tun ina yarinya saboda mutanen da ta san suna ƙyamarta, malaman asibiti masu zuwa rigakafi, matan ma'aikata, surukai na nesa. Ita ba ta taɓa shi da hannunta ko sau ɗaya, wani ke wankewa wani ke kawowa, don baƙo ya sha da kwanciyar rai. A da ni ake aika in ɗauko shi. 'Yan gida kuwa moɗa muke sha, ta bakin randa.

Babu fushi a muryarta, ko kaɗan. Ba ramuwa take yi ba. Tausayina ta ji, ta sauƙaƙa mini kamar yadda ta saba sauƙaƙa wa baƙi.

Moɗarta tana nan gefen tabarma da sauran ruwan da ta sha, miƙa hannu kawai zan yi. Na san abin da ya kamata. In ɗauka in kafa kai in shanye, in ce Gwaggo yaushe na zama baƙuwa a ɗakin nan. Na kalli moɗar. Bakinta ya yi baƙi, ga shatin yatsunta a jiki, ga ɗan maiƙo yana yawo a saman ruwan. Ba zan ƙara yi wa mamaciya wata ƙarya ba: zuciyata ta tashi. A daidai nan matar Yaya ta shigo da kofin a kan faranti, na sa hannu biyu na karɓa.

Gwaggo tana kallona. Ta ga inda idona ya je, ta ga inda ya dawo. Ta gyaɗa kai a hankali ta ce, "Sha, ɗiyata. Mai tsabta ne."

Na shanye. Na ce mata zan dawo wani mako in kwana biyu, a raina ina cewa ranar zan gyara. Ban sake ganinta da rai ba.

Allah ya jiƙanki Gwaggo, ya yalwata miki makwanci, ya sa ƙamshin aljanna ya riga mala'iku isowa gare ki. Ya shayar da ke daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. In Allah ya sa mun haɗu a can, ki miƙo mini da hannunki.